Tarihin Fasahar Duniya Yana Cikin Ɗakinki: Daga Naira 20 Zuwa Turmin Atamfa



A cikin darussan da yaranmu ke yi a ƙaramar sakandare akwai wani maraya guda ɗaya. Yara suna ce masa CCA, wato darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, inda aka haɗa zane-zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a tukunya ɗaya. Idan yaro ya faɗi lissafi, gida sai ya ɗauki zafi, a shiga neman malamin lesin. Idan ya faɗi Turanci, haka. Amma idan CCA ya faɗi, da yawa daga cikinmu ko girar ido ba ma ɗagawa. A makarantu da dama ma, duk malamin da ya samu sarari a jadawali shi ake miƙa wa darasin, ko da bai taɓa riƙe burushin fenti ba.

Wani ɓangare na wannan darasi shi ne tarihin zane da ƙere-ƙere, na gida da na sauran al'ummun duniya. Ga yadda ake yawan koyar da shi: malam ya cika allo da rubutu, yara su kwafe. Nok, Ife, Benin, Igbo-Ukwu, Masar, Girka. Yaro ya yi haddar sunaye kamar karatun aku, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya fito ya manta. Ki tambaye shi yaya kan Nok yake, sai ya yi miki zuru, domin bai taɓa ganin ko hotonsa ba. An koya masa darasin kallo ba tare da ya kalli komai ba. Alhali tun da can Bahaushe ya yanke hukunci cewa gani ya kori ji.

Abin da ya sa na ce mu damu shi ne shekarun. Tsakanin 11 da 14 ne yaro ke fara yanke wa kansa hukuncin abin da yake da kyau da abin da yake ƙauyanci. A shekarun nan ne 'yarki za ta fara jin kunyar faifan kakarta idan ƙawayenta sun zo. Waya kuma tana nan ba dare ba rana tana nuna mata ɗakunan Dubai da tufafin Turkiyya da fina-finan Koriya. Ba laifi ba ne ta ga na wasu. Matsalar ita ce ta gani ba ta da ma'auni, ta tashi da imanin cewa kyau abu ne da ake shigo da shi a kwantena. Yarinyar da ta san yadda aka yi abu, da wanda ya yi shi, da hanyar da ya bi ya zo hannunta, ba a saurin ruɗa ta da ƙyalli.

To, makaranta ba ta da kayan nunawa. Ke kina da su.

Fara da jakarki. Ɗauko takardar Naira 20, ki juya bayanta, ki miƙa wa yaron. Matar nan da ke gina tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar garin Kwali a ƙasar Gwari. A gida ta koyi ginin tukunya tun tana yarinya, da hannu, ba inji. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya buɗe a tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko da ta shiga. Ta koyi fasaharsu ta gashi mai tsananin zafi da shafe mai ƙyalli, amma ba ta yar da zanen ƙadangare da kunama da kifi da ta gada ba. Ta zagaya Turai da Amurka tana gina tukunya a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Matar da ba ta yi boko ba. Ki bar yarinyarki ta ɗan zauna da wannan labari, kada ki yi saurin ɗora masa wa'azi.

Daga nan ki buɗe akwatinki. Atamfar da muke ɗauka tamu ce gaba da baya, doguwar tafiya ta yi kafin ta iso Sakkwato. Asalin dabarar daga tsibirin Jaba ne na ƙasar Indunusiya. Matan can suna narka kakin zuma su zana fure da shi a kan farin ƙyalle, su tsoma a rini, inda kaki ya rufe launi ba ya kamawa. Suna kiran aikin batik. Mutanen Holan da suka mulke su suka so su kwaikwayi aikin da inji don su sayar musu da araha. Sai dai na inji yana fitowa da 'yan tsage-tsage inda kakin ya fashe launi ya kutsa, mutanen Jaba kuwa suka ga aibi ne. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 kayan suka samu kasuwa a gaɓar Afirka ta Yamma, inda aka ga tsage-tsagen nan ado ne. Kamfanin Vlisco da ke buga Holan ɗin da muke rububi a lefe, tun 1846 aka kafa shi. Daga baya matan kasuwannin Afirka ne suka riƙa faɗa wa masu bugawa irin zanen da zai tafi, suna raɗa wa kowane zane suna. Turmi ɗaya, nahiya uku. Ki tambayi yaron: to atamfa ta wa ce? Ki ƙyale shi ya yi gardama da 'yar'uwarsa. Wannan gardamar ta fi shafi goma na kwafe.

Kada kuma ya zaci kullum mu ne masu karɓa. Jar akuyar nan tamu da ke yawo a lungunan Ƙofar Dundaye tana cin bawon rogo, fatarta tana cikin fatun da duniya ta fi daraja. Majemanmu suna jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Shekaru aru-aru ayari ya riƙa ɗaukar ta ya ratsa Sahara ta Agadas da Gat da Gadamas har bakin tekun Bahar Rum. Turawa suna sayen ta a hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, sai suka haɗa ta da ta can suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Da ita aka yi bangon littattafai masu tsada da yawa da ke jere a manyan ɗakunan karatu na Turai. Aiki namu, suna na wani. Idan maigida zai shiga kasuwa ranar Asabar, ya tafi da yaron wurin dukawa, ya tsaya minti 20 ya ga yadda ake yanka fata a saƙa ta a yi filo ko jaka ko kuben wuƙa. Ya gaishe da baduku da ladabi, ya ce, "Baba, wa ya koya maka? Mene ne sunan wannan zanen?" Tsofaffin masu sana'a sun daɗe ba a yi musu wannan tambaya ba, za ki sha mamakin yadda bakinsu zai buɗe.

Wata dabarar da na ga tana kama hankalin 'yan wannan shekaru ita ce a bi launi ɗaya a zagaya duniya da shi. Ɗauki shuɗi. Mu namu daga ganyen baba yake, a jiƙa shi da toka a rijiyar rini, kamar yadda har gobe ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano. A Italiya kuwa, shekaru 500 zuwa 600 da suka wuce, shuɗin da masu zane suka fi so daga wani dutse ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakshan na Afganistan. Saboda tsadarsa, sai tufar wanda ya fi kowa daraja a cikin hoton ake shafa wa. A Sin, a ƙarni na 14, maginan tangaran sun riƙa zana shuɗin fure a kan farin kwano da wani ma'adini da ake kawo musu daga Farisa, manyan masu sayen kayan kuma Musulmin Gabas ta Tsakiya ne. Jikokin waɗannan kwanuka ne tangaran ɗin da iyayenmu ke jerawa a kabad. Sai Japan: wajen 1831 wani dattijo mai suna Hokusai, yana da kimanin shekara 70, ya zana wata ƙatuwar igiyar ruwa ta taso za ta rufe jiragen masunta, da dutsen Fuji can nesa ɗan mitsitsi. A kan katako aka sassaƙa zanen aka riƙa buga shi da yawa ana sayar wa talakawa, shuɗin da aka yi amfani da shi kuma a Turai aka ƙirƙiro shi. Tun 2024 wannan igiya tana bayan takardar kuɗinsu ta yen 1,000. Su sun sa aikin mai zane a kuɗinsu, mu mun sa mai tukunya. Yaro ya ajiye Naira 20 kusa da hoton a waya ya gwada su.

Yanzu bari mu zo kan abin da na san yana cin ran wasunku tun farkon rubutun nan. Wata 'yar'uwa ta taɓa ce mini, "Hajiya, ni fa ba zan bari a cusa wa ɗana gumaka da hotunan tsiraici da sunan darasi ba." Damuwarta tana kan hanya, kuma ba na so a yi mata dariya. Gaskiya ne cewa idan yaro ya rubuta sunan fasahar Girka ko ta Italiya a wurin bincike na intanet, cikin hotuna goman farko zai ga abin da ba za ki so ya gani ba. Shi ya sa wayar ba hannunsa za ta fara zuwa ba. Ke za ki bincika da dare bayan sun kwanta, ki zaɓi hotuna biyar ko shida, ki sauke su, ki kashe data, sannan ki zauna da shi ku kalla tare. Tsohuwar Girka tana da gine-gine masu ginshiƙai da tuluna masu zane, Rum tana da gadojin ruwa da daɓen ƙananan duwatsu masu launi. Babu abin da jarrabawar aji uku za ta nema da ba za a iya koyar da shi cikin sutura ba.

Batun zana mai rai da sassaƙa shi kuwa, magana ce ta malamai, kowane gida ya tambayi malamin da ya amince da shi. Ni abin da zan iya cewa shi ne, sanin tarihin abu daban, yin sa daban, girmama shi kuma daban. Muna karanta labarin Fir'auna, alhazanmu da ɗalibanmu na Azhar suna zuwa su ga dalar Masar, ba wanda ya ce sun bi shi. Idan aikin gida ya ce yaro ya zana kan Ife ke kuma ba ki yarda ba, ki je ki ga malamin cikin mutunci ki nemi a musanya masa da zanen gini ko na zayyana. Yawancinsu ba za su ƙi ba. Amma kada ki yage shafin Nok daga littafinsa.

Ga dalilina. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono ƙananan mutum-mutumin gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a Jihar Kaduna ta yau. Bincike ya nuna sun haura shekara 2,000, wasu sun doshi 3,000. An samu danginsu a ƙasar Katsina, an kuma samu a nan yankinmu, har masana suka ware wani salo suna kiran sa da sunan Sakkwato, ana gane shi da manyan girare masu nauyi da suka rufo ido. Kusan dukkansu ta hanyar haƙar sata aka fitar da su, shi ya sa a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi duniya a kan sayensu. Wato akwai kayan da ke ɗauke da sunan garinmu a Paris da Brasels, yaranmu kuwa ba su san da zamansu ba. Wanda bai san darajar abu ba shi ne ke sayar da shi kuɗin cefanen mako. A 1910 wani Bajamushe, Leo Frobenius, ya ga kawunan Ife, kyansu ya ruɗa shi har ya ce ba dai baƙar fata ba, sai dai wasu ɓatattun mutane daga wata ƙasa da teku ya cinye. A 1897 sojojin Ingila suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa daga fadar Benin. Sai a Disambar 2022 Jamus ta fara dawo da nata kason, Holan ta dawo da 119 a 2025. Wata rana ɗanki zai zauna a aji ko a ofis da wanda zai ce masa Afirka ba ta taɓa ƙera komai ba. Ina so ya samu abin faɗa, da suna da shekara.

Sannan filin da babu gardama a kansa ya fi faɗi nesa ba kusa ba, kuma shi ne makarantunmu suka fi sakaci da shi. Rubutu kansa fasaha ne. A Bagadaza, wani waziri mai suna Ibn Muƙla, wanda ya rasu a shekarar 940, ya tsara yadda za a auna kowane harafin Larabci da ɗigon alƙalami, alif ɗigo kaza, sauran haruffa su bi ma'auninsa. Ki ɗauko Alƙur'ani bugun Madina ki ajiye kusa da rubutun allo irin namu na Warash, ki ce yaron ya nemo bambanci. Zai gano cewa a namu ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Wannan hannu ta Arewacin Afirka ya zo mana, danginsa har Andalus. A can Andalus ɗin, a birnin Garnaɗa na Sifaniya, akwai fadar Alhambra, wadda bangayenta ke lulluɓe da taurari da kusurwoyi masu shiga juna ba tare da sun bar gurbi ba. Wani mai zane ɗan Holan, Escher, ya je a 1922, ya koma a 1936 ya zauna yana kwafar su, daga nan aikinsa ya canza har duniya ta san shi. Da kamfas da rula na akwatin lissafi, yaronki zai iya fitar da tauraro mai kai takwas cikin rabin awa. Ya gama ya je ya duba allon zayyanar mai sauka, ko aska takwas a wuyan rigar babansa, ko dagin da ke goshin tsofaffin gidaje. Malamin lissafi ma zai gode miki.

Gini ma haka. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, da ƙasa aka yi shi, kowace shekara gari ke fitowa kwansa da kwarkwatarsa a yi masa yaɓe, itatuwan da suka leƙo daga bangon kuwa su ne matakan masu yaɓen. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 tana nan arewa da mu. A Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura bakan gizo da azara da ƙasa a masallacin Juma'a tun ƙarni na 19, har yau masu karatun zanen gine-gine suna zuwa su koya. Mu kanmu a nan, sunan unguwarmu darasi ne. Me ya sa ake ce mata ƙofa? Domin birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 yana da ganuwa, ta nan ake fita a nufi Dundaye. Yara da yawa da aka haifa a unguwar nan ba su taɓa tambayar kansu wannan ba. Hubbare ba nisa, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana cikin garin nan da tsofaffin rubuce-rubuce da kayan tarihi. A taron iyaye da malamai na gaba, wata ta daure ta miƙe ta ce a kai 'yan aji biyu. Kuɗin mota ne kawai.

Idan kun zauna kallon hoto ko kun tsaya gaban abu, ba sai kin zama malama ba. Ki ce ya yi shiru minti ɗaya yana kallo, sannan ya faɗi abin da ya gani kafin ya faɗi ko yana so. Daga nan a tambayi da me aka yi shi, wa ya yi shi, wa ya biya kuɗin aikin. Tambayar ƙarshen nan ita ce ke buɗe tarihi, domin a bayan kusan kowane babban aiki akwai sarki ko attajiri ko mai ibada da ya sa aka yi. Idan ya tambayi abin da ba ki da amsarsa, ya rubuta ya kai wa malaminsa, shi ma malamin ya motsa. Yara maza masu ƙiriniya kuma, ki ba su labarin samari huɗu a Faransa da suka faɗa wani kogo a Lasko a 1940, suka tarar da dawakai da bajimai zane a bango tun kimanin shekara 17,000. Sai ki ƙara musu da cewa akwai zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu a Jigawa, akwai kuma raƙuman dawa biyu sassaƙe a dutsen Dabus a ƙasar Agadas, babban ya haura mita 5.

Na san maigida zai ce, "Duk wannan zai ba shi abinci?" Ba kowane yaro zai zama mai zane ba, ba ma haka ake so ba. Amma mai zanen gidaje, da telan da ake layi a shagonsa, da mai lallen da ake kama ta wata biyu kafin biki, da yaron da ke tsara katin ɗaurin aure a kwamfuta, duk ido suke sayarwa. Bambancin mai karɓar dubu biyu da mai karɓar dubu ashirin sau da yawa yawan abin da idon ya taɓa gani ne. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen fasahar zane mai tsohon tarihi. A can Zariya ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon Turawa kawai ba, za su haɗa abin da aka koya musu da abin da suka gada. Su ne suka zama manyan masu zanen ƙasar nan.

Ga aikin gida na wannan mako, naku ne ku iyaye. Kowace ta nemo abu ɗaya a gidanta da aka yi da hannu wanda ya girmi ɗanta na fari: faifai, ƙwarya mai sassaƙa, tsohuwar hula, zanen saƙi, tasar jeren kaka. Ki sa yaron ya ɗauki hotonsa, ya je wurin wadda ta fi kowa tsufa a gidan ya tambayo sunan zanen da garin da aka yi shi. Ku rubuto mana a ƙasa abin da aka gaya masa, da sunan yadda ake faɗinsa a garinku, domin na lura zane ɗaya a kan faifai yakan yi suna uku tsakanin Sakkwato da Katsina da Maraɗi.